Hatsin da Wuta Ba Ta Taɓa Ba: Kinuwa da Gumba a Hanyar Tit

Ga bayanin da muka yi a filinmu na abinci da lafiya, mun rubuta shi saboda wanda rediyonsa ba ya kama mu a bayan duwatsu, da wanda ya ji rabi mota ta tashi.

Tambayar ta zo ne daga wani mai sauraronmu a Tit, garin nan da ke kan babbar hanya kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Tamanrasat, inda hanyar Abalesa ta rabu. Sana'arsa dafa wa baƙi masu yawon buɗe ido abinci. Ya ce wata baƙuwa ta miƙa masa leda cike da 'yan ƙwayoyi ƙanana kamar riɗi, ta ce kada ya ɗora a wuta, ya jiƙa kawai. Ya jefa kaɗan a baki ya ji ɗaci kamar ya lashi sabulu. To wane irin hatsi ne wannan, kuma mutum zai iya cin sa ɗanye cikinsa bai ɓaci ba?

Amsar ta shafe ka ko da ba ka taɓa ganin wannan hatsi ba, domin kai ma kana cin hatsi ɗanye. Gumbar da ke cikin jakarka ita ce shaida.

Mene ne kinuwa?

A jikin ledar za ka ga an rubuta quinoa, mu kuma mu ce kinuwa. Asalinta duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, musamman ƙasashen Peru da Bolibiya, kewayen tafkin Titikaka, inda aka shafe dubban shekaru ana nomanta. Ba dangin gero da dawa ba ce. 'Yar uwar alayyafo ce, sai dai ita ƙwayarta ake ci. A cikin giram 100 na busasshiyar kinuwa akwai kusan giram 14 na sinadarin gina jiki, wato ta ɗan ɗara gero. Tana jure fari, tana kuma jure ƙasa mai gishiri, abin da ya sa ƙasashen hamada suka sa mata ido. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 ta zama shekarar kinuwa, a 2014 kuma aka fara gwajin nomanta a Aljeriya tare da hukumar abinci da noma ta FAO, a wurare irin su Biskara da El Wad.

Ita kuma baƙuwar da ta hana a dafa, tana cikin wasu mutane ne a Turai da Amurka da suka ɗauki tsarin cin ɗanyen abinci. Ba sa barin zafin abincinsu ya wuce wajen digiri 48, suna ganin wuta na kashe amfaninsa. Gaskiya ne wuta na rage wasu sinadarai, kamar bitamin C na ganye da 'ya'yan itace. Amma a wajen hatsi, dahuwa ce ke sa ciki ya narkar da shi da sauƙi, ita ce kuma ke kashe ƙwayoyin cuta. Mutanen Andis da suka ba duniya kinuwa dafa ta suke yi, ko su gasa ta su niƙa.

Mu ma muna da namu

Kafin a san mota a wannan hanya, ayarin Abzinawan Ahaggar kan ɗauki gishirin Amadagor su gangara da shi Damargu, su dawo da gero a kan raƙuma. Mai tafiyar makonni a ƙasar da itace ke wuya ba kullum zai hura wuta da rana ba. Dabarar da aka samo ita ce a daka gero da dabino da cuku, idan ƙishi da yunwa sun taso a dama da ruwa a sha. Abzinawa na ce mata aghajira. Bahaushe kuma yana da gumba, surfaffen gero da aka jiƙa aka daka da sukari ko zuma, wadda ake rabawa sadaka ake kuma tafiya da ita. Akwai farau-farau, ruwan da aka ɗan kaɗa gari a ciki don kashe ƙishi.

Ka lura da bambanci ɗaya, domin a kansa duk maganar take. Fura ta shiga tukunya: ana cura ta, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsame a kirɓa. Gumba ba ta ga wuta ba ko kaɗan. Duk abin da ke jikin geron, da ruwan, da turmin, da hannun mai daka, shi ne zai shiga cikinka yadda yake. Haka kinuwar baƙuwar nan take. Aikin da wuta ta saba yi maka, yanzu ya koma kan idonka da ruwanka da lissafin lokacinka.

Fara da duba ƙwayar

Zuba hatsin a faifai ka duba da rana. Idan ka ga ya canza launi, ya yi baƙi-baƙi ko kore-kore, ya dunƙule, ko yana warin rima, to ya yi funfuna, kada ka ci. Wata funfunar tana haifar da dafin da likitoci ke kira afalatoksin, mai lalata hanta sannu a hankali, an fi samun sa a gyaɗa da masara amma yana kama sauran hatsi. Wanki ba ya fitar da shi, dahuwa ma ba ta kashe shi. Kada kuma ka ce bari in ba akuya, domin yana bi ta cikin nono ya dawo gare ka.

Sai irin shuka. Hatsin da ka ga an rina shi ja ko shuɗi, an yi masa magani ne don a binne a gona. Komai arharsa a kasuwa, ba na ci ba ne. Haka buhun da aka jefa wa ƙwayar kashe ƙwari a sito: in ka kwance ka ji wari mai kama da tafarnuwa, ko ka ga farin toka a ƙulle a tsumma, ka tambayi mai shi da kyau kafin ka saya. Kai ɗan kasuwa kuma, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora buhun gero a kan jarkar fetur ko kusa da maganin feshi. Hatsi na shan wari, kuma mai gumba ba shi da tukunyar da za ta rufa masa asiri.

Ɗacin kinuwa da yadda ake fitar da shi

Abin da mai tambayarmu ya ji a harshensa wani sinadari ne da ke lulluɓe da ƙwayar, sunansa saponin. Da shi tsiron ke korar tsuntsaye da ƙwari. Ka san yadda ɓawon aduwa da saiwarta ke kumfa har a wanke tufafi da su? To dangin sinadarin ke nan. Idan ya yi yawa a abinci yana ƙaiƙayin maƙogwaro, yana murɗa ciki, wani har ya yi gudawa.

Zuba kinuwar a ƙwarya, ka sa ruwa ya rufe ta, ka murza tsakanin tafukanka kamar mai wanke surfe. Kumfa zai taso. Tsiyaye ta rariya mai ƙananan ido ko ta tsabtataccen ƙyalle, don ƙwayar ƙarama ce, rariyar gero za ta zubar maka da rabi. Maimaita sau uku ko huɗu har kumfa ya ɗauke. Daga nan ɗauki ƙwaya biyu ka tauna. In babu ɗaci, ta wanku. Yawancin wadda ake sayarwa a leda an riga an goge ta a masana'anta, amma a sake wankewa dai ya fi. Ruwan wankin kinuwa a zubar da shi, kada a haɗa shi da tsarin gero da ake ba dabbobi.

Shi gero ba shi da wannan ɗacin. Nasa aikin ka san shi: surfe, a sheƙe dusa, a wanke, a rairaye tsakuwa da yashi. Mai gaggawar da ya tsallake rairaya, haƙoransa za su ba shi labari.

Jiƙo

Bayan wanki sai jiƙo. Kinuwa na laushi cikin awa 2 zuwa 4, gero kuma ya fi son ya kwana. Jiƙo na da amfani biyu. Yana tausasa ƙwayar, yana kuma taimakawa wajen rage wani sinadari na cikin hatsi da ke riƙe ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, ya hana hanji ɗauka. Tsiro da tsami sun fi jiƙo rage shi. Iyayenmu mata da ke jiƙa gero su bar gasara ta kwana sun daɗe suna wannan aikin, ko da ba su kira shi da sunan likitoci ba.

Amma fa jiƙo a lokacin zafi ba irin na lokacin ɗari ba ne. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, wato duk yinin bazara a In Gezam cikin wannan zangon yake. Tit da Tamanrasat suna kan tudu, sama da mita 1,000, darensu na da sanyi, jiƙon dare a can ya fi aminci. Ka jiƙa da yamma, ka ajiye a inuwa a rufe, ka canza ruwa in zai wuce awa shida. In ka buɗe ka ji wari mai ɗoyi, ko ƙwayar ta yi yauƙi a hannu, kada ka tsaya shawara. Ruwa ba ya tsami banza.

Tsiro: inda haɗarin ya fi yawa

Masu cin ɗanyen abinci sun fi son kinuwa idan ta tsira. Bayan jiƙo ana tsiyaye ta, a baza a faifai ko a bar ta a kwalba da aka ɗaure wa ƙyalle a baki, a riƙa ɗauraye ta safe da yamma. Tana da saurin tsira, cikin yini ɗaya ko biyu za ka ga ɗan farin wutsiya ya fito. Daga nan ake barbaɗa ta a kan tumatir da albasa da man zaitun.

Mu ma mun san tsiro, da shi ake zaƙaƙa kunu. Sai dai namu ana shanya shi, a niƙa, ya haɗu da kunu mai zafi. Nasu kuwa daga faifai sai baki. Damshi da ɗumin da ke sa ƙwaya ta tsira su ne kuma abin da ƙwayar cuta ke so, kuma in cutar ta shiga tsagar ƙwayar, ɗauraya ba ta fitar da ita. A shekarar 2011 annobar gudawar jini ta ɓarke a Jamus, mutum kusan 4,000 suka kwanta, sama da 50 suka mutu, da yawa kuma ƙodarsu ta taɓu. Da aka bi sawu sai aka tarar tsiron hulba ne da aka ci ɗanye. Hulbar nan dai da ka sani. Wannan a ƙasar da ke da firji da asibiti a kowace unguwa ke nan.

Saboda haka mace mai ciki, da ƙaramin yaro, da tsoho, da mai jinya, kada a ba su ɗanyen tsiro kowane iri. A dafa musu shi sosai. Kai mai dafa wa baƙi, in baƙo ya nace, ka wanke da ruwan da ka amince da shi, ka yi daidai cin rana ɗaya, ka kuma gaya masa gaskiyar nisan asibiti daga inda kuka yada zango.

Gargaɗi na musamman a kan dawa. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa na iya kashe saniya cikin ɗan lokaci. Dafin da ke cikin gyauron yana nan cikin ɗanyen tsiron dawa, a ɗan ganyen da saiwar. Don haka kada wani ya ji an ce ana cin tsiron kinuwa ya je ya gwada da dawa. Wake ma ba a cin sa ɗanye ko an jiƙa, haka rogo mai ɗaci.

Ruwan damu

Ko ka yi duk abin da muka lissafa, in ruwan da ka dama da shi ba shi da kyau, aikin banza ka yi. Tun 2011 Tamanrasat ke shan ruwan da aka janyo ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750. Amma daga Tamanrasat zuwa In Gezam kusan kilomita 400 ne, daga Asamaka zuwa Arlit kuma wajen 200, kuma a nan abin da ke cikin jarkarka ko salkarka shi ne rijiyarka. Ruwan gulbi da na tafkin dutse da dabbobi ke shiga, ko ya yi garau a ido, ba a dama gumba da shi haka nan.

Hanya uku ce. Ta farko, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ka bar shi ya huce a rufe. Wutar da ka hura ta shayi ta isa ta yi wannan aikin. Ta biyu, ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs: ka bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardar, ka jira minti 30. Ta uku, ranar nan da muke kuka da ita: cika farar gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita biyu ba, ka kwantar da ita a rana tsawon awa 6, kan rufin mota ma ya yi. In ruwan ya yi gurɓi, a fara tace shi da ƙyalle a bar shi ya kwanta, domin ƙwayar da ranar duk ba sa aiki sosai a ruwa mai laka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi kuwa ta gama aikin ruwan sha har abada.

Nono da cuku

A nan za mu taɓa inda makiyayi ba ya so. Ɗanyen nonon akuya, tunkiya, saniya ko raƙuma na iya ɗauke da cutar bakkale, wadda ke sa dabba ɓari. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi da na baya. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin sauro ne, su sha magani ba sauƙi. Maganinta na asibiti ne, kuma yakan ɗauki mako shida ana sha. Tsamin nono na rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba a dogara da shi a kan bakkale. Abin da ya fi shi ne a tafasa madarar tukuna, ta huce, sannan a sa mata tsami ko a yi cuku da ita. In ɓari ya yi yawa a garkenka, ka nemi malamin dabbobi, kada kuma ka taɓa mahaifar da hannu tsirara.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba gumba, ba farau-farau. Zuma kuma sai ya cika shekara.

Guzurin da ya fi aminci

In tafiya mai nisa ce, ga shawararmu. Wanke geron ko kinuwar, ka shanya ta bushe ƙarau, ka gasa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a daka da dabino da busasshen cuku. Larabawan arewa na yin irin wannan da alkama ko sha'ir, suna ce masa bsisa. A Bolibiya ma ana gasa kinuwa a niƙa, a kaɗa garin a ruwa a sha. Wuta ta taɓa shi sau ɗaya a gida, a hanya kuma ba ka bukatar itace. Gasasshen gari ya fi ɗanye daɗewa, domin ɗanyen garin gero na da maiƙo, cikin 'yan kwanaki yake fara ɗaci a lokacin zafi.

Riƙe garin a bushe, ka dama daidai abin da za ka shanye. Wanda aka dama aka bari a mota, in ya wuce awa biyu cikin zafin rana, ka yi hattara da shi. Wanke hannu da sabulu kafin damu, a kuma wanke ƙwarya da ludayi su bushe a rana.

Kinuwa kuwa, in ba dole ba, dafa ta ya fi: kofi ɗaya na wankakkiyar ƙwaya, kofi biyu na ruwa, minti 15 a wuta kaɗan. Za ka ga ɗan zare ya naɗe a jikin kowace ƙwaya, alamar ta nuna ke nan. Ana cin ta da miya kamar dambu ko kuskus. Kai ɗan kasuwa da ke tunanin ɗauko ta, ka sani tana da tsada a kan gero nesa ba kusa ba, masu sayenta kuma 'yan birni ne da masu karɓar baƙi. Ga mai gero da wake da nono a gida, babu abin da ya rasa don bai ci kinuwa ba.

In ciki ya ɓaci a hanya

Gudawa a hamada ba abin wasa ba ce, ƙarewar ruwan jiki ke kisa, yaro kuma ya fi saurin galabaita. Kada ka fita ba ka da 'yan fakitin gishiri da sukari na asibiti a jaka, ana kaɗa su ne yadda aka rubuta a jiki. In babu, sami lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, ka sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In ka ga jini a bayan gida, ko gudawa fara kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, mutum ya kasa sha, to a juya mota zuwa asibiti mafi kusa, kaya su jira.

Mai tambayarmu na Tit, ga amsarka a dunƙule: ka wanke har kumfa ya ƙare, ka jiƙa da ruwan da ka tabbatar da shi, ka ba da ita a ranar, ka kuma ajiye tukunya kusa saboda mai ciki da yaro da tsoho. Sauran jama'a, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun direbobi ko ta waya kamar yadda kuka saba. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da kasuwa, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.